Abin da ƙudan tumatir ke koya mana game da dundumi

Mai karatu, idan ka tsaya gaban masu sayar da kayan lambu a kasuwar Arlit ko ta Akokan, za ka ga wasu ƙananan ƙudaje masu jajayen idanu suna shawagi a kan tumatir da mangwaron da suka fara ruɓewa. Masana suna kiran wannan ƙuda Drosophila. Fiye da shekara 100 ke nan suna nazarinsa, domin jikinsa yana aiki da dabaru irin na jikin ɗan Adam.

Ɗaya daga cikin dabarun nan ita ce ta isar da saƙo. Ka ɗauki ƙwayar halitta tamkar gida. Baƙo ba ya faɗawa ciki kai tsaye. Sallama yake yi a zaure, a tura yaro ya sanar. A cikin ƙwayar halitta, wannan ɗan aike shi ne furotin G. Alfred Gilman da Martin Rodbell na Amurka sun sami kyautar Nobel a 1994 saboda gano shi.

Idon ƙudan yana da ƙananan idanu kusan 800, kowanne da ƙwayoyin gani 8. A cikinsu akwai wani sinadari mai suna rodofsin. Da haske ya taɓa shi sai ya sauya siffa, ya tashi furotin G, shi kuma ya sa a buɗe wasu ƙofofi a bangon ƙwayar, saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa. Idonka ma da rodofsin da furotin G yake gani, sai dai a wurinka rufe ƙofofin ake yi.

Haka abin yake wajen ci. Ƙudan yana ɗanɗana abinci da ƙafafunsa. Idan yunwa ta kama shi, jikinsa kan saki wasu sinadarai da ke bi ta hanyar furotin G su ƙara masa jin ƙanshin tsami da ɗanɗanon zaƙi. Da ya ƙoshi, sai abin ya lafa.

Ga inda zancen ya shafe ka. Ba a ƙera rodofsin sai da bitamin A, kuma daga abinci ake samunsa. Ƙudan da aka rena ba tare da shi ba, ganinsa raguwa yake yi. Yaro ma haka: alamar farko ita ce dundumi, wato ya kasa gani da almuru, ya riƙa tuntuɓe ko laluben kwano. Idan aka yi sakaci, idon kan bushe har ya kai ga makanta.

Arlit gari ne na hamada, yawancin kayan miyarsa daga nesa ake kawo su, daga lambunan Ayar da kuma kudu. Saboda haka sai an yi da gangan. Ka riƙa sa karas, kabewa, zogale, mangwaro, ƙwai ko hanta a cikin abincin iyali, da ɗan mai, domin mai ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin ɗin. Tun 1997 Nijar ta fara haɗa rabon bitamin A da rigakafin shan inna. Ka tabbatar kowane yaro mai wata 6 zuwa 59 ya karɓi nasa sau biyu a shekara. In kuwa ka lura yaro ko mai juna biyu ba su gani sosai bayan magariba, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.