Jinjirin Wata a Samaniyar Agege: Ido Ya Gani, Lissafi Ya Tantance

A yammacin 29 ga Sha'aban, da zarar an sallame magariba a masallatan Hausawan Agege, hankalin kowa sai ya koma kan wayarsa. Wani ya ce an ga wata a Saudiyya, wani ya ce ƙaninsa ya bugo daga Maraɗi, wani kuma an turo masa hoton jinjiri wanda ba a san shekarar da aka ɗauke shi ba. Liman dai yana jiran sanarwar Fadar Sarkin Musulmi kafin ya ta da asham, kuma hakan ne daidai. Sai dai unguwar da labari ke shigowa cikinta ta ƙofa goma ta fi kowace buƙatar ma'aunin tace labari. Wannan ma'auni yana nan, shi ne lissafin falaki, kuma ina ganin ya kamata a ba shi aiki guda ɗaya tak: ya faɗi daren da ganin wata ba zai yiwu ba.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maido mana. Yakan ɗauki kwana 29 da awa 12 da minti 44, a matsakaicin lissafi, kafin ya dawo ya shiga tsakanin duniya da rana, shi ya sa watanninmu ke zuwa 29 ko 30. A wannan lokaci, da ake kira haihuwar wata, gefensa mai duhu ne ke fuskantarmu. Daga nan yake janyewa daga rana da kusan rabin digiri a kowace awa. Masanin falakin Faransa André Danjon ya nuna tun a shekarun 1930 cewa idan tazarar ba ta kai kusan digiri 7 ba, siririn hasken ba ya haɗuwa har ido ya kama shi. Jinjiri mafi ƙanƙanta da aka tabbatar an gani da ido tsura, a 1990, ya haura awa 15 da haihuwa. Saboda haka duk wanda ya ce ya ga watan da bai wuce awa biyar ba, ko wanda ya riga rana faɗuwa, to wani abu ya gani, amma ba wata ba ne.

Kuma abubuwan ruɗar ido sun yi yawa a Agege. Filin jirgin saman Murtala Muhammed na Ikeja maƙwabci ne, fitilun jirage da farin hayaƙin da suke bari suna ɗaukar jan hasken almuru. Ga Zara matar wata, wadda kan fito da ƙarfi ta yamma. Ga giragizan teku da damina, ga hazo da hunturu, ga hayaƙin motoci da janareto. Wanda ya hau gadar Pen Cinema ya dubi yamma zai ga yadda sararin da ke dab da rufin gidaje yake zama ruwan toka, alhali a nan ne jinjirin daren farko yake tsayawa na 'yan mintoci, a kwance kamar bakin ƙwarya, kafin ya bi rana. Duk da haka Ikko, wato Legas inda Agege take, tana da wata riba da ba a cika lura da ita ba. Da yake tana yamma, rana kan faɗi a nan bayan Maiduguri da kimanin minti 40, bayan Makka kuwa da fiye da awa biyu. Cikin wannan rata watan ya ƙara girma, don haka yana yiwuwa a rasa shi a Saudiyya amma a gan shi a Najeriya a dare guda.

Za a ce ai gani aka umarce mu da shi, kuma malaman Malikiyya ba su yarda a tsayar da wata da maganar mai lissafin taurari ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba a nemi a tsayar da wata da lissafi ba. Abin da ake nema shi ne a auna shaida, kuma fiƙihu bai taɓa karɓar shaida ido rufe ba. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, an hukunta cewa idan adilai biyu suka ce sun ga wata, aka cika kwana talatin sama na garau ba a ga sabo ba, to an ƙaryata shaidarsu. Wato samaniya da kanta tana iya rushe maganar mutum. Babban malamin Shafi'iyya Taƙiyuddin as-Subki, wanda ya rasu a 1355, ya ƙara taki ɗaya: idan lissafi tabbatacce ya nuna gani ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin mai gaskiya ma idonsa kan yaudare shi.

Wasu kuma za su ce lissafin ai hasashe ne. Amsar wannan ta bayyana a samaniyarmu ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da kusufin rana ya ratsa Najeriya, gari ya yi duhu da hantsi a Saki ta jihar Oyo da kuma Gusau, mutanen Ikko suka ga an cinye mafi yawan rana. An sanar da ranar da mintin tun shekaru kafin ya faru. Kusufin rana ba komai ba ne illa haihuwar wata a bainar jama'a, kuma lissafin da ya faɗi lokacinsa shi ne dai yake faɗin matsayin wata a kowace magariba. Wannan ilmi ba baƙonmu ba ne ma: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da hisabi da falaki ya yi suna.

Aikin da ya rage a Agege ƙarami ne. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci tana da kwamitin ganin wata na ƙasa, hukumar sararin samaniya ta NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da cibiya a Epe cikin jihar Legas, manhajojin da ke nuna wurin wata kuma suna shiga kowace wayar zamani. Fadar Sarkin Hausawa da limamai za su iya zaɓar matasa kaɗan a koya musu inda za su duba da tambayoyin da za su yi wa mai shaida: ƙarfe nawa ka gan shi, ta dama da mafaɗar rana ko ta hagu, ina ƙahoninsa suka fuskanta. Su riƙa fita kowane wata, ba sai Sha'aban da Ramadan ba, suna aika rahotonsu ga kwamitin ko sun gani ko ba su gani ba, domin a tsarin tantancewa rahoton rashin gani ma shaida ce.