Tsagar da Waya ke Karantawa

A da, idan baƙo ya shigo kasuwa, dattijo ba ya wahalar tambayarsa daga ina yake. Kuncinsa kawai zai duba, tsaga ta gaya masa ko Bagobiri ne ko Babarbare. To, baƙaƙen layukan nan da kake gani a jikin gwangwanin madara, su ma tsaga ce, sai dai ta kaya. Na'ura ta haska, ta gane kayan, ta nemo kuɗinsa. Wani Ba'amurke, Norman Woodland, da yatsunsa ya fara zana su a kan rairayin bakin teku, kamar yaro yana wasan ƙasa. Abin da aka fara sayarwa ta wannan hanya kuwa, a jihar Ohio a 1974, cingam ne.

Ƙanwar wannan tsaga ita ce mai kama da saƙar tabarma, wadda ake kira QR. Kamfanin Denso Wave na Japan ya fito da ita a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta. Ka ƙura mata ido, za ka ga manyan idanu uku a kusurwoyinta. Duwatsun murhu ke nan! Ko ta wane gefe ka ɗora tukunya, zama za ta yi. Haka waya, ko a karkace ka riƙe ta, da ta hango duwatsun nan uku ta san sama da ƙasa. Ko manja ya ɓata wani gefen, tana iya karantawa, kamar yadda uwa ke gane ɗanta ko ya yi kaca-kaca da taɓo.

Me ya kai ta makaranta? A Indiya, tun da gwamnati ta buɗe dandalin DIKSHA a 2017, ana buga wannan tabarma a cikin littattafan karatu. Yaro yana karanta darasin zuciya, ya haska waya, sai ga zuciyar tana bugawa a gabansa. Aikin dillali ne sak. Ba ya yawo da buhu a ka, ɗan samfur ne a tafin hannunsa. Idan ya yi maka, sai ya ja hannunka zuwa sito. Shafin littafi shi ne samfurin, siton yana can a intanet.

Wadda ta fi burge ni ita ce dabarar Plickers, domin waya ɗaya tak take buƙata, ta malami. Kowane yaro da katinsa mai zane irin na tabarmar nan, mai gefe huɗu, kowane gefe da amsar da yake nufi. Malam ya yi tambaya, yara su juya katin kamar faifai su ɗaga, shi kuma ya zagaya da idon wayar sau ɗaya. Ka taɓa ganin makiyayi da yamma? Kallo ɗaya zai yi wa garke ya san saniyar da ke ɗingishi. Yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu, yanzu malam ya san inda karatu ya cije mata, ba tare da 'yan aji sun yi mata dariya ba.

Amma fa tabarmar nan guga ce kawai, guga kuwa ba ta ƙirƙirar ruwa. Sai an haƙa rijiya, wato darasi mai kyau cikin harshen da yaro ke ji. Sai da igiya, wato caji da data, kuma mun san tsadarsu a gidajenmu. Shi ya sa nake roƙon malamanmu su fara da abin da ke hannu. Malam ya naɗi bayaninsa da Hausa, ya ɗora a intanet, ya buga tabarmar a takarda, yara su liƙa a littafi. Da dare, idan uba ya dawo da waya, yaro ya haska, ya sake jin muryar malaminsa yana zaune a tsakar gida, har uwar ma ta saurara.