Daga Turken Gida Zuwa Tafkin Dagona: Hutun Da Ke Haɗa Yaran Abuja Da Dabbobi

Da sanyin safiyar hunturu, kafin rana ta keta hazo, gidajen Gashuwa kan tashi da kukan awaki da carar zakaru. A irin wannan lokaci ne yaron da aka haifa a Kubwa ko Lugbe, wanda aka kawo hutu gidan kakanni, yakan tsaya nesa da turke yana leƙen rago, hannunsa riƙe da zanen kakarsa. Ya san zaki da raƙumin dawa a fuskar waya, amma bai taɓa jin ɗumin numfashin tunkiya a tafin hannunsa ba. Kaka ba ta yi masa dogon bayani. Takan damƙa masa harawa ta ce ya miƙa. Ranar farko yakan jefar ya ruga da gudu. Kafin mako ya zagayo, shi ke tashin mutanen gida don a je a ba ɗan akuya dusa.

A Turai da Amurka akwai gonakin da aka keɓe domin wannan kaɗai: iyaye su biya kuɗin shiga, yara su shafa ɗan rago, su ciyar da zomo. Ma'aikacin da ke Abuja kuwa, in ya so nuna wa 'ya'yansa dabba, galibi sai ya nufi gidan namun daji na yara da ke Asokoro, inda shinge ke tsakanin yaro da abin kallo. A Nguru da Gashuwa ba a sayar da tikiti, domin kiwo yana cikin gida. Da wuya a shiga unguwa ba a tarar da turken tumaki, akurkin kaji ko jakin ɗaukar kaya ba.

Bayan turken gida, makaranta ta biyu ita ce kara. Nguru tsohuwar cibiyar ciniki ce. A nan layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya a 1930, har yanzu kuma dabbobi na kwararowa kasuwarta daga rugagen yankin da kuma Jamhuriyar Nijar. A kara ne yaro zai ga cewa ba duk rago ne rago ba: ga Balami fari tas mai faɗin kunne, ga Uda wanda gabansa duhu ne bayansa fari, ga Yankasa na gida. Ga jajayen shanun Rahaji masu dogayen ƙahoni, ga fararen Bunaji. Raƙumi kuwa, in ya gurfana ko ya miƙe, kallo ne da yaro ba ya mantawa. Sai dai kara wurin aiki ce, ba filin wasa ba. Mai ƙananan yara ya je da wuri kafin ta cika, ya tsaya daga gefe, ya saɓa ƙaramin a kafaɗa, kuma kada a taɓa dabba sai da izinin mai ita.

Wuri na uku ba na taɓawa ba ne, na zuba ido ne. Tsakanin garuruwan biyu, a ƙaramar hukumar Bade, akwai matattarar tsuntsaye ta Dagona, wadda ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Duk shekara, idan sanyi ya tsananta a Turai, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye kan ƙetare Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, su zauna har wajen watan Maris. A nan suke haɗuwa da 'yan gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela. Sunan wurin ya kai ga Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Tafkin Dagona ya bi sahu a 2008. Hutun makaranta na Disamba ya faɗo daidai lokacin da baƙin tsuntsayen suke nan. Yana da kyau a tuntuɓi ma'aikatan gandun kafin zuwa, a yi tafiyar da rana, a kuma riƙe hannun yaro a bakin ruwa.

Akwai ƙa'idojin da masu kiwo suka sani tun suna yara, waɗanda baƙo ke bukatar a faɗa masa. Ba a tsayawa bayan jaki ko doki. Ba a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Abinci a buɗaɗɗen tafin hannu ake miƙa shi, ba da 'yan yatsu ba. Bayan an gama, a wanke hannu da sabulu kafin a ci komai, domin ƙaramin yaro bai raba hannu da baki. Madarar da aka tatso sai an tafasa. Mataccen tsuntsu ko kaza mai layi ba abin wasa ba ne. Tun 2006, lokacin da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, cutar ke sake ɓullowa lokaci zuwa lokaci.

Duk wannan arziki ruwa ne ke riƙe da shi. Ambaliyar kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke cika fadamu, ta fitar da ciyawar da garkuna ke ci da rani, ta ciyar da kifi da tsuntsaye. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yadda ruwan ke zuwa ya sauya. Ciyawar kacalla ta toshe magudanai, wani wuri ruwa ya yi kwance ya cinye gonaki, wani wurin kuma ya ƙafe. Idan makiyaya ta tsuke, makiyayi da manomi kan sami kansu a kan fegi ɗaya, abin da ke biyo baya kuwa ba ɓoyayye ba ne. Madatsun suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, gandun dajin kuma yana hannun hukumar gandun daji ta ƙasa. Duka biyun na Gwamnatin Tarayya ne. Takardun kasafinsu a teburan Abuja suke kwana.

Saboda haka ziyarar ba ta yara kaɗai ba ce. Jami'in da ya tsaya a bakin Dagona da 'yarsa a kafaɗa, ya ga inda kacalla ta rufe hanyar kwalekwale, ba zai sake ganin sunan Nguru a fayil ya ɗauke shi suna kawai ba. Yarinyar kuma za ta koma makaranta a Janairu tana iya bambanta Uda da Balami, tana tambaya a waya ko akuyar Kaka ta haihu.