Kafin A Yi Wa Waya Filashin: Abin Da Rajistocin Firosesa Ke Faɗa

A Ɗambatta, idan waya ta maƙale a kan tambarin Tecno ko itel, ko ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, maganin da aka fi sani shi ne filashin. Idan mai gyara na gari ya kasa, sai a aika ta Farm Centre a Kano. Wayar takan tashi, amma hotuna, lambobin abokan ciniki da saƙonnin cinikin hatsi sun tafi, kuma ba wanda ya san abin da ya kayar da ita.

Alhali kuwa wayar takan bar shaida. Android na tafiya ne a kan kanel ɗin Linux, wato tushen manhajar da ke sarrafa duk kayan cikin waya. Firosesar ARM mai bit 64 tana da ƙananan ma'ajiyai da ake kira rajista, guda 31 na aikin yau da kullum, daga x0 zuwa x30. Akwai kuma PC, wadda ke nuna umarnin da ake aiwatarwa, da SP mai riƙe da matsayin ma'ajiyar wucin gadi. Ita x30 takan riƙe adireshin da aiki zai koma. Idan kanel ya faɗi, yakan rubuta waɗannan lambobi, kuma tsarin ramoops na adana su a wani sashe na RAM har bayan wayar ta sake kunnuwa. Da zarar an cire batir, shaidar ta goge.

Masu gina manhaja kan duba rajistocin kai tsaye da manhajar gano kuskure. KGDB ta shiga Linux a 2008, KDB kuma a 2010. Dukansu sukan tsayar da firosesa cak, su nuna kwafin rajistocin da aka ajiye a lokacin tsayawar. A KDB, umarnin rd na karantawa, rm kuma na canzawa.

A nan haɗarin yake. Duk abin da aka canza, shi za a mayar wa firosesa idan ta ci gaba. Kuskuren lamba ɗaya a PC ko SP na iya sa kanel ya bi hanyar da ba tasa ba, har ya lalata bayanan da ke ajiye. Karantawa ma ba kullum take lafiya ba: wasu rajistocin na'urorin gefe sukan goge abin da ke cikinsu da zarar an karanta, wasu kuma su daskarar da waya idan sashensu a kashe yake.

Ƙarfin wannan manhaja ya sa a 2022 aka toshe wata ɓaraka da ke ba KGDB da KDB damar tsallake kullen tsaron kanel. Wayoyin kasuwa galibi ba sa zuwa da su a kunne.

Ga matashin da ke son koyo, hanya mafi aminci ita ce QEMU a kan laftof: a kunna Linux da zaɓin -s -S, a haɗa GDB, a rubuta info registers. Idan abu ya ɓaci, sai a sake kunnawa, ba a yi asarar wayar kowa ba. Ƙa'idar ita ce a karanta, a rubuta lambobin a takarda, sannan a taɓa.