Alƙalamin Kara da Burushin Tawada: Wanne Ya Dace da Wane Aiki?



Maganar da zan yi yau ta shafi kayan rubutu iri uku, watau alƙalamin kara namu, da burushin mutanen Sin, da kuma burushi mai ɗauke da tawadarsa wanda Japanawa suka ƙago. Dalilina shi ne, matasa masu sha'awar zane da kyautata rubutu sun fara sayen na ukun nan, suna zaton zai iya maye gurbin na farko a kowane aiki.

Mu fara da namu. Alaramma yakan feƙe alƙalaminsa daga tsinken gamba ko karan dawa, ya tsaga bakinsa don tawada ta riƙa gangarowa. Bakin nan ƙaƙƙarfa ne, ba ya lanƙwasa. Saboda haka kaurin layi da sirantakarsa sun dogara ne ga faɗin bakin da kuma yadda aka karkata shi. Wannan ne ya sa Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, ya iya auna tsawon haruffa da ɗigon alƙalami, domin ɗigon ba ya canja girma.

Burushin Sin kuwa gashi ne aka ɗaure a bakin gora. Gashin akuya yana da taushi, yana shan tawada da yawa. Na wata dabba mai kama da tunku ya fi tauri, yana komawa tsininsa da sauri. A nan nauyin hannu ne ke mulki: in ka danna layi ya yi kauri, in ka ɗaga ya sirance kamar zare. Da irin wannan burushi Wang Xizhi ya yi rubutun nan nasa na shekarar 353 wanda Sinawa suke ɗauka abin koyi har yanzu.

Na uku, kamfanin Kuretake na birnin Nara ya fito da nasa a 1973, Pentel ya biyo baya a 1976 da mai gashin nailan. Amfaninsa a fili yake, don ba ka bukatar kurtu, ba ka kuma niƙa tawada a kan dutse. Amma iri biyu ne. Mai gashi na gaske yana ba da layi mai sauyawa, sai dai yana son hannun da ya ƙware. Mai baki ɗaya na soso ya fi sauƙin sarrafawa ga ɗan koyo, amma bakinsa kan dakushe da wuri.

Sai a lura da tawada. Wata rini ce, ruwa na taɓa ta sai ta malale. Wata kuwa ƙwayar launi ce, in ta bushe ta zauna. Mu ma mun san wannan bambanci: tawadar gawayi da ƙaro ta allo ce, ana wanke ta, amma wadda aka dafa da bagaruwa da kashin maƙera ta takarda ce, tana kama ta ƙam. Mai zanen da zai shafa launin ruwa bisa layinsa, tilas ya nemi wadda ba ta malalewa.

To, ina muka dosa? Ga zanen mutum ko dabba ko ganye, inda ake son layi ya kumbura ya kuma sirance a jan hannu ɗaya, burushi ya fi. Ga rubutun Alƙur'ani da ajami, inda ake son kowane alif ya yi daidai da ɗan'uwansa tun daga shafin farko har na ƙarshe, alƙalamin kara ne ya dace. Don haka ina ba ɗalibanmu shawara, duk wanda ya sayi burushi, ya kuma je gun alaramma ya koyi fiƙar alƙalami.