Kafin Ki Sayi Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

'Yar'uwa, in za a haɗa wa yara kwamfutar tebur a gida, kada kusancin kuɗi ya ruɗe ki wajen zaɓen ƙwaƙwalwarta, watau furosesa. Dubi Intel Core i5-12400 da AMD Ryzen 5 5600, dukansu fitowar 2022, kowacce cibiya 6 gare ta. Amma ta Intel tana fid da hoto da kanta. Ta AMD kuwa sai an ƙara sayen katin hoto, in ba haka ba allo ya zauna baƙi ƙirin. Don aikin makaranta, ni ta Intel zan ɗauka. Sai dai ki duba lambar da kyau: in mai kanti ya miƙo mai harafin F a ƙarshe, mayar masa, ita ma ba ta fid da hoto.