Kwazazzabon Hamada a Cikin Ɗaki

A Amurka da Jamus da Ingila da Japan akwai mutane, da yawansu magidanta masu furfura, da kan keɓe ɗaki guda a gida su shimfiɗa ƙaramin layin dogo mai aiki da lantarki, su shekara da shekaru suna gina masa tashoshi da gadoji da ƙauyuka. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana ce masa HO, inda ake rage girman kowane abu sau 87. Tazarar ƙarafan layin milimita 16.5 ce, mutum mai matsakaicin tsayi kuwa santimita 2 ne. Tarago da gida da saniya duk suna karɓar wannan lissafi ba gardama. Kwazazzabo ne ya ƙi.

Grand Canyon da ke jihar Arizona zurfinsa ya kai wajen mita 1,800 a wasu wurare. In aka raba da 87 za a samu fiye da mita 20, wato tsayin bene mai hawa shida. Ko an koma ma'aunin N, wanda ke rage abu sau 160, ana neman rami mai mita 11. Hatta Miniatur Wunderland na birnin Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, kuma ba a san wani dandamalin ƙananan jirage da ya kai shi girma ba, da suka gina sashen Amurka a 2003 sai da suka daddatse nasu Grand Canyon ɗin ya shiga ɗaki. Ke nan rage girma ba laifi ba ne a wannan sana'a, kowa na yi. Abin da ba a yafe wa mai gini shi ne ya ajiye dutse a inda ruwa da iska ba za su taɓa ajiye shi ba. Mai kallo bai san kimiyyar duwatsu ba, sai dai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Zai ji a jikinsa cewa wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Kwazazzabon da masu wannan sha'awa suka fi ƙulafuci ba Grand Canyon ba ne, don jirgi ba ya bi ta cikinsa, a bakinsa na kudu yake tsayawa. Carrizo Gorge, a hamadar kudancin Kalifoniya kusa da iyakar Meziko, ya fi shiga ransu. Attajirin sukari John D. Spreckels ne ya dage sai ya haɗa San Diego da gabas ta layin dogo, aka fara a 1907, ba a gama ba sai 1919. Injiniyoyin zamanin sun yi wa aikin laƙabi da layin da ba zai yiwu ba. A cikin kwazazzabon kaɗai, tafiyar kilomita 18 ko kusa da haka, sai da aka huda dutse a wurare 17. A 1932 ɗaya daga cikin ramukan ya rufta, aka ga gara a kewaye shi da gada. Ita ce gadar Goat Canyon, mai lanƙwasa, tsayinta ya doshi mita 60, tsawonta ya haura mita 180, kuma da katako aka yi ta saboda zafin rana da sanyin dare na wurin suna gajiyar da ƙarfe. Guguwar Kathleen ta 1976 ta yi wa layin mummunar ɓarna, daga nan ya shiga buɗewa da rufewa. Amma a gidan tarihin ƙananan jiragen ƙasa na San Diego, cikin Balboa Park, an gina kwazazzabon da gadar a ma'aunin HO, jirage na hayewa a gaban 'yan kallo.

Wannan gada a HO tsayinta santimita 65 ne, abin da ɗaki zai iya ɗauka. To amma ƙaramin jirgi, kamar babbansa, ba ya son hawa. Hawan da ya wuce santimita 2 a kowace mita yakan sa kan jirgi ya riƙa sulɓi in taragai sun yi yawa. Wanda ya kafa tebur shafaffe, yana son ɗaga layi santimita 65 sama da shi, sai ya shimfiɗa fiye da mita 30 na layi don hawa kawai. Saboda haka ba jirgin ake ɗagawa ba, ƙasar ake nutsarwa. Ana kafa firam na katako buɗaɗɗe, ba falanki a samansa, layin ya bi ta kan siririn katako da aka tokare da ƙafafu, a inda kwazazzabo zai zauna kuwa a sauke firam ɗin ƙasa. Linn Westcott, editan mujallar Model Railroader, shi ya yayata irin wannan firam a shekarun 1960. Duk wanda ya fara da buga falanki ya rufe teburinsa, ya riga ya yanke wa kansa hukuncin yin tudu, kwazazzabo ya wuce shi.

Wanda ya kai wannan dabara ƙarshenta shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto a garin Monterey na Kalifoniya. A dandamalinsa da ya raɗa wa suna Gorre and Daphetid, ya sauko da duwatsu har daɓen ɗaki, ya hau da su kusa da rufi, yadda baƙo zai tsaya a tsakiyar kwazazzabo, gadoji na wucewa daidai ƙirjinsa da saman kansa. Ya kuma ɓoye madubai a lungu don wuri ya ninka a ido. Ya rasu a watan Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin. Hotunansa ne suka rage, kuma har yau da su ake koyo.

Jikin dutsen hanya biyu ake bi a yi shi. Tsohuwar hanya ita ce a saƙa yankakken kwali ya yi siffar tudu, a tsoma takarda ko ƙyalle a ruwan filasta a lulluɓe. Filastar nan ba baƙuwa ba ce, garin POP ne da masu silin ke kwaɓawa a Kano da Kaduna, sai dai a Amurka an fi son wata 'yar uwarta mai suna Hydrocal don ta fi tauri. Sabuwar hanya kuwa allon kumfa ne mai tauri, shuɗi ko ruwan hoda, wanda magina ke sa wa bango don tare sanyi. Farar kumfar nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa a kwalin firji ba ta yi, marmashewa take. Ana jera allunan ɗaya bisa ɗaya a manne, a sassaƙa da wuƙa da magagari. Gam mai ƙarfin wari yana narkar da kumfa, haka fentin feshi, kuma in da waya mai zafi za a yanka to a buɗe taga. A ganina kumfa ta fi dacewa da kwazazzabon hamada, domin jerin allunan da kansa ya riga ya ba ka rabin aikin.

Dalili kuwa shi ne duwatsun Arizona da Utah hawa-hawa suke. Yashi da laka da ɓawon halittun teku ne suka kwanta bisa juna cikin miliyoyin shekaru suka daskare, sannan kogi ya zo ya yanka. Hawa mai tauri, kamar dutsen yashi ko na farar ƙasa, yakan tsaya a miƙe ya zama bango. Hawa mai laushi, na laka, yakan zaizaye ya zama gangare, ya ci ƙarƙashin na samansa har wancan ya karye ya faɗo. Shi ya sa gefen kwazazzabo ke sauka kamar matakala: bango, gangare, bango, gangare. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kwazazzabon da ruwan damina ya ci a bayan gari ya ga wannan duka a taƙaice, jar ƙasa ta yi rumfa a sama, ta ƙarƙashi ta zube, manyan hoge sun gangara can ƙasa. Abu biyu ke fitowa daga nan. Layukan hawa dole su tafi a jere ba tare da sun hau kan juna ba. Kuma hawan da ke bangon dama dole a same shi a bangon hagu a tsayi ɗaya da launi ɗaya, tunda asali shimfiɗa ɗaya ce ruwa ya raba. Nan ne masu sayen mazubin roba ke faɗawa rami: su zuba filasta su fitar da duwatsu kyawawa, su manna wannan a tsaye wancan a karkace, bango ya fito kowane dutse na fuskantar alƙiblarsa.

Carrizo kuwa ba haka yake ba sam. Dutsensa giranit ne, ba shi da hawa, tulin manyan duwatsu ne mulmulallu masu ruwan toka da ƙasa-ƙasa. Wanda ya ɗora gadar Goat Canyon a kan jan bango mai layi-layi ya haɗa wurare biyu da ba su san juna ba. Kafin a taɓa wuƙa sai an tsai da wane kwazazzabo ake nufi, a tara hotunansa a manne a bango.

Sassaƙar kanta tana da lokaci. An shafa filasta mai kaurin yatsa a kan kumfa, an jira ta fara kamawa, ta yi ɗumi a tafin hannu amma farce na iya shiga. A wannan ɗan tsakani ake aiki. In kwazazzabo mai hawa-hawa aka zaɓa, mai gini ya ja layukan kwance da bakin wuƙa, wasu kusa da juna wasu nesa. Ya sa tsinin wuƙar a ƙarƙashin layi ya murɗa, ɓallin filasta ya fita ya bar gefe mai kaifi irin na dutsen da ya karye. Ya tsaga wasu layukan a tsaye, ba a jere ba. Sannan ya ja burushin waya sau ɗaya daga hagu zuwa dama. Ɓaraguzan da suka zubo ba shara ba ne, a tara su a gwangwani, su ne za su zama tarkacen gindin bango.

Wajen fenti hannu ke rawa, don kowa ya san kwazazzabo ja ne. Jan nan tsatsar ƙarfe ce da ke cikin dutsen, kuma ba ko'ina take ba. Akwai wani babban hawa a Grand Canyon da ake kira Redwall, wanda in aka fasa shi ruwan toka ne a ciki, ruwan sama ne ya wanko ja daga hawan da ke samansa ya rine masa fuska. Akwai kuma baƙaƙen zirin da ke gangarowa a bango ta inda ruwa ke bi, haɗin yumɓu da tsatsar ƙarfe da manganis, wanda kan ɗauki dubban shekaru kafin ya yi duhu. Don haka ba a shafe bango da jan fenti mai kauri. Ana tsinka fenti da ruwa sosai, a fara da rawaya mai ƙasa-ƙasa, a ɗiga jan ƙasa nan da can, a bar su su gauraya suna gangarowa. In ya bushe a bi da baƙi tsararo ya shige tsaguna ya zama inuwa. Daga ƙarshe a goge burushi har ya kusa bushewa da fenti mai haske, a shafi goshin duwatsu. Launi mai haske a fara da shi, duhu a ƙara a hankali, don filasta in ta sha ba ta amayarwa. Bangon da ke can baya a sa shi ya fi kodewa, da ɗan shuɗi, kamar yadda nisa ke yi wa tsauni. Kuma a yi fentin a ƙarƙashin fitilar da za ta haska ɗakin, in ba haka ba jan da aka haɗa da rana ya koma wani abu da dare.

Ƙasa ta gaske ta fi kowace ta kanti. A tankaɗe ta da rariya, a gasa don kashe ƙwari, a bi ta da mayen ƙarfe, domin injin ƙaramin jirgi yana da maganaɗisu, zai zuƙe duk garin ƙarfen da ke kusa da layi. A barbaɗa, a fesa ruwan da aka ɗiga wa sabulun wanke kwano don ya ratsa, sannan a ɗiga farin gam na kafinta da aka tsinka. Gam yana sa ƙasa ta yi duhu, sai a zaɓi wadda ta fi abin da ake so haske. Tarkacen gindin bango ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce digiri 35, manyan duwatsu kuma su ke yin nisa zuwa ƙasa, ƙanana su tsaya a sama. A gindin kwazazzabon a bar busasshen rafi da lallausan yashi, da 'yan karmami da suka maƙale a bayan duwatsu ta ɓangaren da ambaliya ke fitowa. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya sa aka yi doguwar gada a kan wurin da babu ko ɗigon ruwa.

Tsirrai kuwa ƙarancinsu ne adonsu. Ƙananan itatuwan hamada nesa-nesa suke fitowa saboda saiwoyinsu na takarar ruwa, launinsu kuma kore ne mai toka. Kore shar sai a bakin rafi. A can baya akan dasa ƙanana na ma'aunin N don ido ya ɗauka nisa ne. Sai batun saguaro, dogon kaktus ɗin nan mai hannuwa sama da finafinan kaboyi suka sa kowa ya haddace. Kamfanoni na sayar da shi na roba a fakiti, masu gini kuma na dasa shi ko'ina. Alhali a hamadar Sonora kaɗai yake fitowa, wato kudancin Arizona da arewa maso yammacin Meziko da ɗan gefen Kalifoniya a bakin kogin Colorado. Babu shi a jajayen duwatsun Utah, babu shi a Carrizo. Abin da ke Carrizo shi ne ocotillo mai tsirara kamar tarin bulala, wanda ake yi da murɗaɗɗiyar waya, da cholla mai ƙaya, sai 'yan kurmin dabinon daji a lungunan da ruwa ke tsattsafowa daga dutse.